Waƙar da Ta Ci Iri

Ku da kuke jingina waya a jikin bokiti, ku yi tsalle biyu ku ce kun zama taurari, ku matso ku ji. Jiya ɗayanku ya ce mini waƙa ba aiki ba ce, wai wanda Allah ya ba murya ya huta. Dariya kawai na yi, don ni ma haka na ɗauka ina ɗan shekara goma sha huɗu. Sunana Illa, amma in kun tambayi iyayenku mata daga Tasawa har Mayahi ba su san wani Illa ba, Kanari suka sani. Ku tambaye su a gaban mazajensu in kuna son ganin tsohuwa tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Wannan mai gyaran rediyon da kuke wucewa a bakin kasuwa ba sallama, shi ne dai.

Aikina na farko ɗaukar kalangu ne. Baba Arzika makaɗi ya ji ni ina waƙa ina korar tsuntsaye a gonar kawuna a Kona, ya je ya roƙa a ba shi ni. Lokacin mulkin soja ya zauna da gindinsa, an ce kowane gari ya tara samarinsa, a yi aikin gayya da safe, da la'asar a yi waƙa da wasan kwaikwayo a dandali. Na zo Tasawa ina jin gobe za a fara tafa mini. Wata shida ban buɗe baki a gaban jama'a ba. In shanya kalangu fatar ta ɗame, in duba igiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, in bi bayan tsoho da shi a hammata. Da yamma kuma ya kai ni bayan gari, ya tsayar da ni a gindin tudun yashi, shi ya haye can nesa ta inda iska ke tahowa, ya ce in rera. In kalma ɗaya ta ɓace masa sai ya ɗaga hularsa, in koma farko. Akwai ranar da hular nan ta tashi sau goma sha ɗaya a baiti guda. Na ce masa ai akwai amsa-kuwwa, me ya sa zan tsage maƙogwaro? Ya ce, "Ran da batir ya mace tsakiyar waƙa, ka zo ka sake tambaya ta." Ba a yi wata uku da fara wasana ba batir ya mutu a kasuwar Mayahi, na ƙarasa waƙar da bakina, har masu rake na can ƙarshe suka ji.

Kayan aikinmu ba su cika amalanke ɗaya ba. Mikoro guda ne, an naɗe wuyansa da roba. Amsa-kuwwa guda, a ɗaure a kan gora. Batirin wani tsohon kamyo, babbar motar kaya, da sai mutum biyu sun kama shi. Dandamali kuwa tano huɗu ne, wato gangunan ƙarfe, da aka shimfiɗa wa katako, labule buhunan da mata suka ɗinke suka rina da baba. Ranar da aka fara ba ni mikoro na manna shi a baki kamar zan gatsa rogo, amsa-kuwwar ta yi wata ƙara, jakunan bakin kasuwa suka amsa mata. Sai da na koyi nisan yatsa huɗu, na koyi kawar da kai in zan ja numfashi. Murya ma kayan aiki ce, kuma ta fi batir saurin lalacewa. Ba ruwan randa bayan waƙa, ba soyayyar gyaɗa, ba ƙosai ranar wasa. Citta da kanumfari ba sa barin aljihuna. Ina ɗan yaro, ina kallon tsarana suna cin ƙosai da yaji, ni ina tauna kanumfari kamar mai ciwon haƙori.

Da mutanen rediyo suka zo daga Maraɗi suka ɗauki waƙoƙina uku, sai abin ya fi ƙarfina. In na fito, 'yan mata su yi ta guɗa tun ban buɗe baki ba. A aiko mini hankici mai turare, a aiko dafaffen ƙwai, wata a Hawandawaki ta aiko da zabuwa mai rai. Samari suka fara karkata hula hagu don haka nake sa tawa, ba su san tabon harbin jaki nake rufewa ba. Kowa da irin abin da yake so a wurin mawaƙi. Attajirin Tasawa in ya kira ka biki, yana son sunansa da na ubansa, kuma kada ka manta ya je Makka. Ma'aikaci yana son ka jefa kalmar Faransanci ɗaya ko biyu a san da shi ake. Amma alƙalan gaskiya su ne 'yan mata. Waƙar da ta kwana uku ba ta kai bakin rijiya da gindin turmi ba, ta mutu, ko da rediyo ya wuni yana sa ta.

Wasan kwaikwayo kuma Mushe Habu ne ya koya mini, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai son dariya. Mushe dai haka muke kiran ɗan boko, da Faransanci. Ba ya rubuta mana magana, sai dai ya ce kai ne wane, kai ne wane, ga inda za a faro, ga inda za a tsaya, sauran ku cika da bakinku. Gemun tsoho gashin akuya ne da ƙaro, furfura toka ce. Ni ban taɓa sa gemu ba, don kullum ni ne saurayi mai tsabta wanda ya san daidai, mai cewa a yi wa yara rigakafi, a dasa itace, a bar sare gawo. Abin da ya fi wuya a wasa shi ne jira. In mutane suna dariya ka bar su su gama, in ka yi magana a kan dariyarsu ka zubar da ita a ƙasa. Mushe Habu yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita: in wasa ya tashi, ka tuɓe kayan kafin ka gaisa da kowa. Dalili, a wani ƙauye wata mata ta taɓa bin wanda ya fito a likita har bayan labule da ɗanta mai zazzaɓi, shi kuwa mahauci ne. Mutanen ƙauye ba wawaye ba ne, sun san wasa wasa ne. Amma kaki da hula da babban littafi a hannu, a ƙasar da soja ke mulki, ba abin da mutum zai yi wa gardama ba ne.

Ina shekara goma sha takwas damina ta ƙi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun gudu. Mata suna wuni a daji neman jiga da anza, a jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Na ga mutane suna tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ta tara. Saniyar da ake fahariya da ita a ba da ita a kan abin da bai kai buhu ba. Biki ya ɗauke, suna ya koma addu'a kawai. Mu dai 'yan wasa ba mu ji yunwa sosai ba, don hukuma tana bukatar bakinmu, tana ba mu shinkafa. Wannan ma ina jin kunyarsa har yau.

Ku da kuka tashi kuna ganin iri a leda a kanti, bari in gaya muku yadda yake a da. Ranar girbi maigida da kansa yake zaɓar zangarniyar da ta fi tsawo da cika, a sussuke ta daban, a gauraya da toka, a zuba a tulu a liƙe bakin da laka. Wannan tulun ba abinci ba ne. Ana iya sayar da akuya, a sayar da gado, a sayar da ƙofar ɗaki, ba a fasa shi. A shekarar nan masu rabo suna da ragowar na bara waccan, suna kwana da yunwa a ɗaki ɗaya da shi.

Wata safiya aka kira Mushe Habu biro, wato ofishin hukuma, aka ce ya zo da ni. Wani babban soja ne ya kira mu, ba zan kama sunansa ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ba mugu ba ne. Idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ya ce labari yana zuwa masa yara suna mutuwa a gidajen da ke da tulun iri. Ya ce an yi odar sabon iri mai saurin nuna, zai iso kafin ruwan fari, kowa zai samu. Yana son wasa da waƙa da za su sa tsofaffi su buɗe tuluna. Ya nuna ni da alƙalami ya ce, "Mu tsoronmu suke ji. Kai kuwa maganarka suke ji." Na fito daga biron nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Kwana biyu na yi na haɗa waƙar, kuma a fannin sana'a ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Na zauna kusa da mata masu lugude na saurari yadda taɓare uku ke faɗuwa a turmi ɗaya, na ɗora amshin daidai kan wannan bugun, yadda mace ba za ta ɗaga taɓarya ba sai waƙar ta zo mata baki. Baitin yana roƙon baba ya buɗe tulu yara su sha kunu. Amshin kuwa gajere ne:

Daka, daka, iri na hanya,
Kafin ruwa ya zo ya iso.

Na kai wa Baba Arzika ina jiran yabo. Ya saurara har ƙarshe, kalangun yana kan cinyarsa bai taɓa shi ba.

"Illa, irin nan ka gane shi da idonka?"

"Baba, soja ne hwa ya hwaɗi."

"Na ji soja ya hwaɗi. Kai nika tambaya."

Na ce ban gani ba, amma ai an yi oda.

"To sa shi cikin baiti, kak ka sa shi amshi. Baiti naka ne, in ya ɓaci gobe sai ka yar da shi. Amshi na mutane ne. In ya shiga bakinsu, ba ka da hannun da za ka hiddo shi."

Na ce masa in na taɓa amshin waƙar ta mutu. Gaskiya ne kuwa. Sannan na ƙara da abin da ba gaskiya ba, na ce shi tsoho ne, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Bai yi fushi ba. Ya rataye kalangunsa a ƙusa, ya ce in nemi mai kaɗa mini wannan, shi hannunsa na ciwo. Aka samo wani saurayi mai ganga, muka tafi ba shi.

A kamyon hukuma muka zaga, kasuwa zuwa kasuwa. A wasan akwai wani tsoho marowaci da ke zaune a kan tulu kamar kaza a kan ƙwai, ko sallah zai yi sai ya ɗaura tulun a baya. Ni kuma malamin gona ne, da kaki da hula da babban littafi. Mutanen da suka kwana biyu ba su ɗora tukunya ba suka yi dariya har da hawaye. Kafin mu kai ƙauye na biyar, waƙar ta riga mu isa. Muna sauka muna jin ta daga bayan danga.

A wani ƙauye gaba da garin Sarkin Hausa, ranar kasuwa, wasa ya tashi ana ta cincirindo. Ban tuɓe kayan ba, don 'yan mata sun kewaye ni kuma kakin ya yi mini kyau. Sai ga wani dattijo dogo, sa'ar mahaifina, ya ratso su. Ya tuɓe takalmansa ya rusuna mini. Ya ce sunansa Nomau.

"Mushe, ɗiyata ta hana mu sakat da waƙarka. Ina da tulu guda. Irin ubana ne, shi ma wurin nashi uban ya gada, bai taɓa yankewa gidanmu ba. Yara biyar gare ni, ƙaramin ba ya iya tashi zamne. In daka?"

Na waiga neman Mushe Habu, yana can wajen kamyo ana ɗora tano. Abin da ya kamata in ce ba shi da wuya: baba, ni ba mushe ba ne, mawaƙi ne, ban ga komai ba. Amma idanu suna kaina, kuma muryar wasan ba ta sauka daga maƙogwarona ba. Na buga littafin nan da ba a rubuta komai a cikinsa ba, na ce, "Daka, baba. Kahin ruwa ya sauka iri na ƙohwar gidanka."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ya yi mini godiya, ya sa takalmansa ya tafi.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, kuma ruwa na gaske, irin wanda manomi ke roƙo. Gari ya waye ƙasa ta jiƙe har kamu biyu. Duk wanda ya ɓoye tulunsa, wanda muka mai da abin dariya, ya fita da iyalinsa ya yi shuka a ranar. Iri kuwa yana hanya. Mako ya wuce yana hanya. Da kamyoyin suka iso, geron mutane ya riga ya rufe ƙasa, kuma abin da suka kawo bai kai yadda aka faɗa ba. Aka fara da garuruwan bakin hanya. Ƙauyukan cikin yashi sai abin da ya rage, in ya rage. Maƙwabta sun taimaka da abin da suka iya, wannan tafi ɗaya, wancan rabin ƙoƙo, amma kowa nasa bai ishe shi ba. Wasu don rasa yadda za su yi suka shuka jar dawar taimako, ta fito ta yi tsawo, ta ƙi fid da kai. Ban san gida nawa ne suka fasa tulu saboda ni ba. Na san ba ɗaya ba ne.

Ba wanda ya jefe ni, ba wanda ya kai ƙarata, wa ma za a kai wa? Waƙar dai ta ɗauke daga gindin turmi rana ɗaya. A kasuwar Tasawa wata tsohuwa mai fura ta miƙo mini taɓarya a gaban mutane ta ce, "Kanari, ungo, daka muna yashi." Na ci gaba da sana'a shekara biyu bayan nan, don mutanen gari ba su yi asara ba, suna kira na biki. Muryata ba ta lalace ba. Amma ƙauye ya rufe mini, kuma mawaƙin da ƙauye ya daina amsa masa, kwanansa ƙirge yake. Sababbin yara suka taso, kaset ya cika kasuwa, ni kuma yawan kwance amsa-kuwwarmu in ta lalace ya koya mini gyaran rediyo. Baba Arzika bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Nakan je gaishe shi, ya sa a kawo mini ruwa, mu yi hirar duniya. Har ya rasu bai sake kaɗa mini ba.

Bari in koma waccan daminar da iri ya makara. A tsakiyarta, da gero ya fara fid da kai, na roƙi mai gadin ma'ajiya ya ba ni tiya biyu, wato kwanon awo biyu, na sabon irin. Na hau amalanke zuwa Sarkin Hausa, sauran na taka da ƙafa, da tsohuwar rigata ba hula. Ko'ina kore shar, gero ya fi ni tsawo. Aka nuna mini gonar Nomau. Ba sai an nuna ba ma, don ita kaɗai ce fili a tsakiyar duhun gero, ciyawa ta cinye ta, sai wani ɗan lungu da aka shuka a makare. Shi kuma na same shi a gonar wani, yana noman ƙwadago don abin da za a auna masa da yamma.

Ya gane ni tun daga nesa. Ya jingina hauya, muka gaisa, ya tambayi gajiya da mutanen gida kamar yadda ake yi. Na ce masa ni ba malamin gona ba ne. Ya ce ya sani, an gaya masa daga baya. Na kwance ƙullin na miƙa masa. Ya zuba kaɗan a tafin hannu ya juya da yatsa.

"Iri ne mai kyau. Yanzu dai sai kunu."

Na tambayi yara. Ya ce tulun ya kai su kwana tara. Ƙaramin ya tashi, yana nan yana rarrafe. Ya ce bai san ko ya gode mini ko ya yi Allah ya isa ba, shi ya sa bai yi ko ɗaya ba. Gonar kuwa, in kaka ta yi, sai dai ya jinginar da ita ya tafi kudu. Na tsaya ban san inda zan sa idona ba.

Can ya ce, "Yaro, yi mini abu guda. Rera mini waƙar nan."

Na ce, "Baba, ka yi mini rai."

"A'a, ba don in ci mutuncinka ba. Kullum ina juya ta a raina, ina cewa wataƙila ni ne ban ji daidai ba, wataƙila akwai inda ka ce in Allah ya so, hayaniya ta hana ni ji. Rera, in saurara da kyau."

Na rera masa ita tun daga farko, a tsaye a gonar wani, ba kiɗa ba mai amshi. Kowace kalma ta fita tas, don haka aka koya mini. Ya sunkuyar da kai yana saurare har na kai ƙarshe.

Ya ce, "To. Ashe daidai na ji."

Ya ɗauki hauyarsa ya koma kan kunyar da ya bari.